Kukan Cikin Gida: Nazarin Jigon Shugabanci a Sura ta 5 ta Littafin Nehemiya

1.0 Gabatarwa

Mu ɗaliban adabin Hausa mun saba feɗe waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggun labarai, amma ba kasafai mukan waiwayi fassararren zube na addini ba. Alhali kuwa duk wanda ya zaga Kachalla Sembe ko wata unguwa ta Jalingo da safiyar Lahadi zai ji ana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ga Mumuye da Kona da Wurkun da Jenjo, mutanen da kowannensu yake da harshen gidansu, Hausa ce ta tara su a inuwa ɗaya. Cikakkiyar fassarar littafin ta fito a 1932, aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, aka kuma sake wata a 1979. Zuben da aka shafe shekaru sama da 90 ana karanta shi a bainar jama'a ya cancanci manazarci ya ɗora shi a kan faifai.

A wannan maƙala za mu dubi sura ta 5 ta Littafin Nehemiya, mai ayoyi 19. Abin da ya ja hankalinmu gare ta shi ne rabuwar da ta auku a 2024 cikin ikilisiyar Metodis wadda hedikwatarta take nan Jalingo. Ba aikinmu ba ne yanke hukunci a kan aƙida, ko faɗin wanda ya fi gaskiya tsakanin ɓangarorin. Ma'auninmu na adabi ne, wato jigo da zubi da tsari da tauraro da salo, sannan mu nuna inda labarin ya yi ƙarfi da inda ya bar giɓi.

2.0 Labarin a Taƙaice

Nehemiya Bayahude ne mai shayar da Sarki Artashate na Farisa a fadar Shushan. A shekara ta 20 ta sarautar sarkin, wajen 445 kafin haihuwar Almasihu, ya nemi izini ya tafi Urushalima don gyara ganuwar birnin da ta rushe. An gama aikin cikin kwana 52, duk da barazanar Sanballat da Tobiya da Geshem.

Ana tsakiyar wannan aiki sai talakawa da matansu suka ta da kuka a kan 'yan'uwansu masu hali. Nehemiya ya husata, ya yi shawara da zuciyarsa, ya tsawata wa manya, ya tara babban taro, ya sa su mayar da gonaki da gidajen da suka karɓa jingina, da kuɗin ruwan da suka ci. Suka yi rantsuwa a gaban firistoci. Daga aya ta 14 zuwa ta 19 kuma sai ya ba da bayanin yadda ya riƙe mulkin ƙasar shekara 12 ba tare da karɓar abincin da aka yanka wa gwamna ba.

3.0 Jigo da Warwararsa

Babban jigon surar shi ne zaluncin ɗan'uwa ga ɗan'uwansa, da nauyin da ke kan shugaba idan kukan ya iso gare shi. An warware jigon ta bakin rukuni uku na masu kuka, kuma kukan hawa-hawa yake. Na farko yunwa ce ta dame su, ga 'ya'ya da yawa babu hatsi. Na biyu sun riga sun jinginar da gonaki da gidaje don su ci abinci. Na uku sun ci bashi don biyan harajin sarki, har ta kai 'ya'yansu mata sun shiga bauta, ga shi babu abin fansa domin gonakin suna hannun wasu. Mai karatu zai lura cewa an fara da ciki, aka zarce ga ƙasa, aka ƙare da 'ya'ya, watau hanyar da bashi yake bi ke nan wajen cinye gida.

Abin da ya sa laifin ya yi nauyi shi ne, shari'ar Musa ta hana Ba'isra'ile karɓar ruwa daga ɗan'uwansa, kamar yadda ya zo a Fitowa da Littafin Firistoci da Maimaitawar Shari'a. Mai karatu Musulmi ba zai ga wannan baƙon abu ba, ganin matsayin riba a Musulunci. Masu laifin ba arna ba ne, masu ibada ne waɗanda suka san doka, kuma da su ake ɗaukar dutse a bakin ganuwa.

4.0 Zubi da Tsari

A nan ne gwanintar marubucin ta fi fitowa. Sura ta 4 labarin maƙiyan waje ce, inda magina suke aiki da makami a hannu. Sura ta 6 ma labarin makircin maƙiyan waje ce. Tsakanin waɗannan biyun aka dasa sura ta 5, wadda babu Sanballat ko Tobiya a cikinta ko sau ɗaya, ganuwar ma ba a ambace ta ba sai a aya ta 16. Mai sauraro yana ɗokin jin ko za a gama ginin, sai aka tsayar da shi, aka juya fuskarsa zuwa cikin gari.

Wannan jinkiri shi kansa saƙo ne. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsarin labarin yana nuna cewa ganuwar dutse ba za ta tsare mutanen da rabinsu suke bayin rabi ba. Shugaban da ya san haka zai yarda aikin da ake yaba masa ya dakata, har a saurari matar da aka karɓe 'yarta.

5.0 Tauraro da Salo

Abubuwa huɗu suka gina Nehemiya a matsayin tauraro a wannan sura. Na farko, an raba fushinsa da maganarsa. An ce ya husata ƙwarai, sannan aka ce ya yi tunani, bayan haka ya buɗe baki. Na biyu, bai kashe maganar a ɗaka tsakaninsa da manya ba, ya kai ta gaban taro, inda waɗanda aka zalunta suke tsaye. Hujjarsa kuwa mai kaifi ce: ana ta tara kuɗi ana fanso Yahudawan da aka sayar wa baƙi, su kuma manya suna sayar da nasu. Labarin ya ce sun rasa abin faɗi.

Na uku, wanda a ganinmu shi ne ƙashin bayan surar, yana cikin sarrafa wakilin suna. Tun farkon jawabin, duk zargin da "ku" yake tafiya. A aya ta 10 sai ya bayyana cewa shi da 'yan'uwansa da barorinsa ma suna ba da bashin kuɗi da hatsi, daga nan kiran a daina ya koma "mu". Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kowa yakan taka nasa ya hango na wani. A wannan aya mai tuhuma ya sauko daga tudunsa ya tsaya cikin waɗanda ake tuhuma, shi ya sa ba wanda ya iya ce masa ya fara gyara gidansa.

Na huɗu, ya rufe da aiki irin na dandali. Ya kakkaɓe ƙirjin rigarsa a gaban jama'a, alamar yadda Allah zai kakkaɓe duk wanda ya saɓa alkawari. Ko wanda bai riƙe kalmomin jawabin ba zai koma gida da wannan hoto a idonsa.

6.0 Giɓin da Labarin ya Bari

Duk da wannan yabo, manazarci ba zai rufe ido ga wasu abubuwa ba. Da farko dai, Nehemiya ne mai ba da labari, shi ne tauraro, shi ne alƙali, shi ne kuma shaida. Ayoyi shida na ƙarshe sun yi kama da kirarin da mafarauci yake yi wa kansa: gwamnonin da suka gabace shi sun karɓi abinci da shekel 40 na azurfa, shi bai karɓa ba; mutum 150 suke ci a teburinsa; kullum ana yanka sa ɗaya da tumaki shida, ban da tsuntsaye. Wannan lissafi ya nuna karimci, ya kuma tona cewa mai maganar attajiri ne ƙwarai, wanda barin albashi ba zai hana shi barci ba.

Na biyu, talakawan da suka buɗe surar da muryarsu ba su sake magana ba, in ban da amin ɗin taro. A jerin abubuwan da aka ce a mayar akwai gonaki da gonakin inabi da na zaitun da gidaje da kuɗin ruwa, amma ba a ambaci 'yan matan da suka shiga bauta ba. Kukan da ya fi zafi shi ne aka bari ba amsa a fili. Na uku, harajin sarkin Farisa, wanda ya jefa rukuni na uku cikin bashi, ba a taɓa shi ba, domin mai gyaran bawan sarki ne. Daɗin daɗawa, wanda ya karanta har sura ta 13 zai tarar da wannan shugaba yana dukan mutane, yana tuge musu gashi, yana korar jikan babban firist saboda batun aure. Wanda ya ɗauki Nehemiya abin koyi, sai ya san wane Nehemiya ya ɗauka.

Ya dace mu kwatanta da sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni. A can ma kukan cikin gida ne: masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Manzanni ba su riƙe maganin a hannunsu ba. Sun ce jama'a ta zaɓi mutum bakwai, kuma dukkan bakwai ɗin, irin su Istifanas da Filibus, sunayen Helenanci gare su. Nehemiya ya mayar wa masu kuka da dukiya, manzanni kuwa sun ba jama'a ikon zaɓen masu rabo, mai yiwuwa ma daga cikin masu kukan. A nan labari na biyu ya cike abin da na farko ya rasa.

7.0 Madubi ga Jalingo

Ikilisiyar da aka sani da UMCN ta samo tushe daga aikin mishan da aka kafa a Bambur a 1923. Ta sami bishop ɗan ƙasa na farko, Done Peter Dabale, a 1992. An zaɓi John Wesley Yohanna a 2012, wani ɓangare na ikilisiyar bai amince da zaɓen ba, aka shafe shekaru ana jan zare. A 2024 babban taron ikilisiyar na duniya da aka yi a Amurka ya ɗage haramcin naɗa masu neman jinsi ɗaya a aikin fastanci. A watan Yuli na shekarar Bishop Yohanna ya fice zuwa GMCN tare da mabiyansa, bisa hujjar tsare aƙida. Waɗanda suka zauna suka ce sabon tsarin yankuna ya bar wa Afirka 'yancin riƙe koyarwarta a kan aure, kuma a watan Disamba aka zaɓi Ande Emmanuel bishop a taron da aka yi a Gana. Takaddama ta koma kan majami'u da makarantu da filaye, har ta kai kotu. A watan Disamba na 2024 aka kashe mutum uku a Munga Dosa cikin ƙaramar hukumar Karim Lamido, biyu daga cikinsu ƙananan yara, aka ƙone gidaje. A Fabrairun 2025 kuma aka yi arangama a makarantar tauhidi ta Banyam da ke Bambur.

Haɗarin da ke cikin Littafin Nehemiya a irin wannan hali shi ne sauƙin karanta shi. Kowane ɓangare zai iya buɗe sura ta 4 ko ta 6, ya ga kansa a kan ganuwa, ya ga Sanballat a fuskar wanda suka yi shekara 30 suna zama a benci ɗaya. Sura ta 5 ba ta ba da wannan dama, domin babu maƙiyin waje a cikinta. Tambayoyin da take yi wa kowane shugaba ƙalilan ne: wa ke kuka a cikin gidanka, ka tara taro ka saurare shi, ka ambaci naka laifin, me ka mayar? Giɓinta ma darasi ne. Nehemiya ya yi nasara da sauri domin shi kaɗai ne gwamna, da takardar sarki a hannu. Inda shugabanni biyu suke ja, tsawa daga sama ba ta wadatarwa, sai an bi hanyar manzanni, a ba talakawan ikilisiya bakin magana. Kuma kamar yadda surar ta manta 'yan matan bauta, haka ake iya zama a lissafa gine-gine da takardun fili, a manta yaran Munga Dosa.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa ƙarfin wannan sura yana cikin wurin da aka dasa ta, da kukan hawa-hawa da ya buɗe ta, da sauyin wakilin suna a aya ta 10. Rauninta yana cikin murya ɗaya da ta mamaye ta, da shirun talakawa bayan aya ta 5. Darasin bai tsaya ga Kirista ba, domin mu mazauna Jalingo mun san cewa masallaci ma yakan rabu biyu, ƙungiyar ɗalibai ma haka. Muna kira ga marubutanmu matasa da su dubi wannan fage. Matar da ta yi kuka a aya ta 5 ba a ba ta suna ba, ba a kuma faɗi ko 'yarta ta komo gida ba. Irinta suna nan a Kachalla Sembe da Bambur da Karim Lamido, kuma labarinsu yana jiran mai rubuta shi da Hausa.