Tambarin Adalci da Mudun Kaka

A shekarar 1860 wani marubuci ɗan ƙasar Holan, Eduard Douwes Dekker, wanda ya laƙaba wa kansa suna Multatuli, ya wallafa ƙagaggen labarinsa Max Havelaar. A ciki ya tona asirin yadda Turawan mulkin mallaka da sarakunan da ke ƙarƙashinsu suke tatsar manoman tsibirin Jaba, a Indunusiya ta yau. Bayan shekara 128, a 1988, wasu mutanen Holan suka ari sunan jarumin littafin suka maƙala shi a fakitin gahawar da ƙananan manoman Meziko suka noma, domin mai saye ya san an biya manomin haƙƙinsa. Wannan shi ne tushen tambarin da aka sani yau da Fairtrade, wato cinikin adalci, wanda aka kafa uwar ƙungiyarsa a 1997.

Alfanun tsarin ba abin musu ba ne. Akwai farashin da ba a sayen kaya ƙasa da shi ko da kasuwar duniya ta faɗi, akwai kuma ƙarin kuɗi da ake bai wa ƙungiyar manoma ta yi wa al'ummarta aiki, kamar rijiya ko aji. Manoman koko na ƙungiyar Kuapa Kokoo a Gana, wadda aka kafa a 1993, har hannun jari suka mallaka a kamfanin cakulan na Divine da ke Ingila.

Amma da na auna wannan alkawari da halin manomin Gwarzo da Kabo, sai na ga ya taɓa jin irinsa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar nan ta kama hanyar Turai, aka riƙa jera buhunanta dala-dala a birni. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa da hujjar kare manomi daga hawa da saukar farashi, sai ta koma tana sayen gyaɗa ƙasa da farashin duniya, rarar tana shiga asusun gwamnati. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da noman, a 1986 kuma aka rushe hukumomin baki ɗaya. Wanda aka yi wa kakansa haka yana da dalilin tambayar wane ne yake yanka “farashin adalci”, kuma a wane gari.

Tambarin yana da sharuɗɗa. Sai manoma sun haɗu cikin ƙungiya mai rajista, sun ajiye lissafi a rubuce, sun biya kuɗin masu bincike, sannan kayansu ya zama na fita waje. Mai kadada ɗaya ko biyu a Getso ko Garo, wanda dawarsa da masararsa da gyaɗarsa ba sa wuce kasuwar ƙauye ko Dawanau, yana can wajen katanga. Ko a cikin katangar ma akwai waɗanda inuwa ba ta kai gare su ba: binciken da masanan SOAS ta Jami'ar Landan suka fitar a 2014 kan Habasha da Yuganda ya nuna cewa 'yan ƙwadagon gona a yankunan da ke da tambarin sau da yawa ladansu bai kai na sauran wurare ba.

Cutar da ake yi wa manominmu a kusa take. Da damina yakan ci bashin taki, da kaka mai bashi ya tsaya masa, ya sayar lokacin da kowa ke sayarwa, da mudun da mai saye ya zo da shi, a cika har ya yi tozo. Wata shida ko bakwai bayan nan ya dawo sayen hatsin da tsada. Musulunci ya hana tauye awo, ya kuma hana tare masu kawo kaya a hanya kafin su san farashin kasuwa, duk da haka muna gani ana yi. Mu ma 'yan boko da ke yabon mai sayen cakulan a Landan, mu ne muke taya man gyaɗa da ƙuli-ƙulin matan karkara har sai yarinyar talla ta sallama don gudun komawa gida da kaya.

Ɗaliban adabi za su tuna yadda littafin ya ƙare. Ɗaya daga cikin masu ba da labarin, Droogstoppel, dillalin gahawa ne mai ganin kansa mutumin kirki, kuma shi marubucin yake yi wa ba'a. A shafukan ƙarshe Multatuli ya ƙwace alƙalami daga hannun taurarinsa, ya fuskanci Sarki Willem na Uku da ƙarar talakawan Jaba. Mai mulki ya kai wa kuka. Tambarin da ya gaji sunan littafinsa kuwa mai sayayya a kanti yake roƙo. A Gwarzo da Kabo, daidaita mudu, rumbun ajiya na haɗin gwiwa da bashin noma marar ruwa duk ayyuka ne da ke hannun ƙaramar hukuma, sarkin kasuwa da ƙungiyoyin manoma.