Uwar yaron da ba ya ji: kyakkyawan fata kaɗai ya isa?

Akwai wani irin bincike da ake yawan yi kan uwayen yaran da ba sa ji. A tara su, a ba su takardun tambayoyi biyu. Ɗaya ta auna kyakkyawan fata, yawanci da ma'aunin LOT-R da Scheier, Carver da Bridges suka fitar a 1994. Ɗayar ta auna damuwa, fargaba da rashin barci, kamar GHQ-28. Galibi sakamakon ɗaya ne: wadda ta fi sa ran alheri ta fi kwanciyar hankali. Sai a rufe da shawarar a koya wa uwaye kyakkyawan fata.

To a nan nake da ja. Idan a zama ɗaya aka yi tambayoyin, ba wanda zai iya cewa ga abin da ya haifi wani. Yanke ƙauna ai yana cikin alamomin ciwon damuwa. Shin fatan ne ya kori damuwar, ko damuwar ce ta cinye fatan?

Na biyu, ma'aunin kansa. Tambayoyi 10 ne, 6 kawai ake lissafawa, kuma a kan ɗaliban jami'a a Amurka aka gina shi. Ka tambayi uwa a Kano ko tana sa ran alheri, "in sha Allah" za ta ce, ko da kuka ta kwana. Me ka auna ke nan?

Na uku ya fi damuna. Sama da kashi 90 cikin 100 na yara kurame, iyayensu masu ji ne. Wato uwa ta wayi gari ba ta da harshen da za ta lallashi ɗanta. A Amurka ƙa'idar ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. A wajenmu kuwa, sau da yawa sai sa'o'insa sun fara magana shi shiru sannan a farga, wani lokacin ma a ɗora wa uwar laifi.

Binciken ya yi abin kirki da ya waiwayi uwar, ba kunnen yaron kaɗai ba. Amma a bi uwayen na tsawon shekaru, a tambayi kuɗin na'urar ji, taimakon miji, da ko ta koyi maganar hannu. In ba haka ba, za mu ce mata ta gyara tunaninta alhali makaranta da likita take nema.