Tsokaci a kan Hausar Littattafan Kirista: Wanne Ya Kamata Ɗalibi Ya Fara Karantawa?

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi shekara guda a sashen Hausa ya san Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Kaɗan ne suka taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, alhali kuwa ya girmi su biyun: an buga shi cikakke a 1932, shekara guda kafin gasar ƙagaggun labarai ta 1933, kuma shekara bakwai kafin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A lokacin babu wani littafin boko na Hausa da ya kai shi girma. Dalilin wannan giɓi a bayyane yake, wato yawancin ɗalibai suna ganin littafin na masu wani addini ne. Amma bin addini daban, nazarin harshe daban. Wannan takarda za ta duba littattafan da Kiristoci masu karatu da Hausa suka fi so, ta auna Hausarsu, sannan ta ba da shawarar abin da ya kamata a fara karantawa. Ra'ayin da take ɗauke da shi shi ne, littafin da aka fi ƙauna ba lalle ne ya zama wanda ya fi kyawun Hausa ba, kuma aikin ɗalibi ne ya raba waɗannan biyun.

2.0 Schön da Dorugu

J. F. Schön Bajamushe ne da ya yi wa ƙungiyar mishan ta CMS aiki. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya fara koyon harshen daga bakin ƴantattun bayi a Saliyo, ya kuma shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841. Daga baya ya sami wani saurayi mai suna Dorugu, wanda aka haifa a yankin Damagaram, aka kama shi bawa yana yaro, aka ƴanta shi a Kukawa, ya kuma bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. Da taimakonsa Schön ya fitar da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Sabon Alkawari a 1880, da Magana Hausa a 1885.

Idan aka ajiye fassarar Schön kusa da Magana Hausa za a ga abin mamaki. Hannu ɗaya ne ya rubuta su, amma Hausarsu ba ɗaya ba ce. A fassara, jimla tana bin sawun asalinta kalma bayan kalma, tana ɗingishi. A labarin rayuwar Dorugu kuwa, inda yaron yake magana Bature yana rubutawa, jimloli gajeru ne, suna bin juna kamar yadda ake ba da labari a dandali. Darasi na farko ke nan: sanin kalmomin harshe bai isa ya sa mutum ya yi zance da shi ba.

3.0 Fassarar 1932: Littafin da Aka Fi So

Jagoran wannan aiki shi ne Dokta Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus, ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya kuma yi shekaru masu yawa a Zariya. Wannan fassara ce ta yaɗu a coci-coci na Filato da kudancin Kaduna da Adamawa. Ita ce kuma aka riƙa karantawa a Nijar bayan mishan ta SIM ta zauna a Damagaram a 1924, daga baya a Tsibiri kusa da Maraɗi, da Galmi inda ta buɗe asibiti a 1950. Kusan shekara 50 ita kaɗai ce cikakkiyar fassara a hannun jama'a. Da ita aka koyi karatu, ita aka haddace, ita ake karantawa a ɗaurin aure da jana'iza. Ba abin mamaki ba ne dattawa da yawa su ga duk wata fassara bayanta ba ta da irin kwarjininta.

Ƙarfinta yana wajen zaɓen kalmomi. Masu fassarar sun tarar da harshen da Musulunci ya riga ya cika da kalmomin addini, sai suka ɗebi abin da suka samu: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, Zabura. Mabiyan Yesu sha biyu aka kira su almajirai, kalmar da kowane Bahaushe ya sani daga makarantar allo. Waɗanda aka aika wa'azi suka zama manzanni. Inda suka ga kalmar Larabci za ta jawo wata ma'ana, sai suka koma ga Hausa tsantsa, kamar bangaskiya, wadda aka gina daga ba da gaskiya, a wurin da Musulmi zai ce imani. Shi kuwa alheri, wanda a bakin mutane yake nufin kyauta da kirki, aka ɗora masa nauyin baiwar Allah wadda mutum bai cancanta ba.

Rauninta yana wajen ginin jimla. Ta manne wa tsarin asali, saboda haka jimloli sukan yi tsawo, sassansu suna rataye da juna ta hanyar da Bahaushe ba ya yi. Kalmar gama, da ma'anar domin, tana buɗe jimla bayan jimla har ta zama tambarin abin da ake kira Hausar coci. Ƙananan kalmomin da suke ba zance gishiri, irin su dai, ai, ashe, mana, ba su sami wurin da ya kamace su ba. Ga kuma sunaye: Yesu Kristi, Yohanna, Matta. Musulmin da ya san Annabi Isa da Annabi Yahaya, da ya ji waɗannan sai ya ɗauka baƙi ne. A nan zaɓen suna ba ƙaramin abu ba ne, domin shi yake nuna wa mai karatu ko littafin da shi yake magana ko da wasu.

4.0 Fassarar 1979 da Abin da Ya Biyo Baya

Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ce ta fitar da wannan fassara, a zamanin da ra'ayin Eugene Nida na fassara ma'ana maimakon kalma ya yi tasiri a duniya. Sunayen littattafan kaɗai sun isa su nuna sauyin. Misalai ya koma Karin Magana, Ru'ya ta Yohanna ta koma Wahayin Yahaya, Kristi ya koma Almasihu, ko da yake an bar sunan Yesu yadda yake. An gajarta jimloli, an bi daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, labari kuma yana tafiya da sai da kuwa kamar yadda yake tafiya a bakin mai ba da labari. Ta fuskar zube, wannan ita ce ta fi sauran zama Hausa.

Sai dai ba ta rasa abin suka ba. Sunan Karin Magana yana sa mai karatu ya sa ran jin abin da ya saba, gajeren zance mai dunƙule da hikima. Abin da zai tarar kuwa baitoci ne na Ibrananci masu layi biyu, na biyun yana maimaita na farko ko yana kishiyantarsa. Sunan ya yi daɗin ji, amma ya haɗa nau'o'in adabi biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai kuma matsalar masu karatu. Yawancin Kiristocin da suke ibada da Hausa ba harshen uwarsu ba ne, don haka Hausar da Bakano ko Bagobiri zai yaba tana iya yi musu zurfi. Sabon Rai Don Kowa, wadda ƙungiyar Biblica ta fitar a 2009 ta kuma sabunta a 2020, ta nufi sauƙi, ta kuma koma ga sunayen Yohanna da Kiristi da coci ta saba da su. Ke nan kowace fassara amsa ce ga tambaya guda: Hausar wa za a rubuta?

5.0 Littafin Waƙoƙi

Bayan Littafi Mai Tsarki, babu littafin da ya kai Littafin Waƙoƙi shiga hannu. Da yawa daga waƙoƙinsa fassara ce da aka ɗora a kan muryoyin Turai. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, kuma rubutacciyar waƙarta a kan nauyin gaɓa take tsayawa. Idan murya ta hau inda kalma take sauka, ko ta ja gajeren wasali, kalmar takan jirkice. Masu rerawa ba su damu ba, domin sun san abin da ake nufi. Ga ɗalibin ilimin furuci kuwa, wannan fage ne na bincike mai yalwa.

6.0 Shawara ga Ɗalibi

Ya kamata a fara da fassarar 1979, a kuma fara da labari. Labarin Yusufu, Farawa sura 37 zuwa 50, shi ya fi dacewa, tun da yawancin ɗalibai sun san ƙissar, hankalinsu zai tafi ga harshe. Sai littafin Rut mai sura 4, da misalai uku na Luka sura 15. Daga nan a ɗauki sura guda a karanta ta a fassarar 1932 da ta 1979 gefe da gefe, a ƙirga jimlolin kowace, a lura da inda aka sa gama, da inda aka raba jimla ɗaya gida biyu ko uku. A ƙarshe a nemi labarin Dorugu a Magana Hausa, musamman ga ɗaliban Nijar, domin muryar ɗan ƙasarsu ce ta fiye da shekara 150 da suka wuce. Wasiƙun Bulus a bar su sai an ƙware, saboda can ne kowace fassara ta fi shan wuya.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa fassarar 1932 ta sami ƙauna saboda daɗewa da sabo, kuma ta cancanci yabo wajen zaɓen kalmomi, amma ta 1979 ta fi ta ginin jimla. Mai ibada yana da ikon riƙe wadda zuciyarsa ta kwanta da ita. Ɗalibin harshe kuwa dole ya karanta su duka, domin tarihin rubutun zube na Hausa da ya tsallake su bai cika ba, kuma duk wanda zai yi aikin fassara gobe, a rediyo ko asibiti ko kotu, zai gamu da irin zaɓin da waɗannan masu fassara suka gamu da shi.