Ribom Ɗin Gida: A Auna Kai Kafin A Yanka Ƙyalle

A 'yan shekarun nan wata ƙaramar sana'a ta bunƙasa a hannun 'yan mata da matan aure a Kano, Kaduna, Zariya, Maraɗi da sauran garuruwanmu, wato ɗinka ribom na ɗaure gashi da sauran kayan adon kai. Duk mai leƙa WhatsApp ko Instagram ta gan su jere a faranti: na atamfa, na satin, na leshi, wani da duwatsu, wani da fure, ga hular barci, ga maɗaurin goshi na jarirai. Jarin bai taka kara ya karya ba. Keken ɗinki ne da almakashi da roba, sai buhun ƙyallayen da a da tela ke sharewa ya zuba a bola. Ina murna da wannan sana'a, ina kuma saye. Saboda son da nake mata ne zan faɗi abin da ke damuna: yawancin abin da ake ɗinkawa ya fi dacewa da hoto fiye da kan da zai ɗauke shi.

Samfurin da kusan kowa ke kwaikwaya, ƙyallen da aka tattare a kan roba, daga Amurka ya fito. Wata mawaƙiya mai suna Rommy Revson ce ta yi masa rajistar mallaka a 1987. Abin da take nema shi ne maɗauri mai taushi wanda ba zai tsinka gashi ba kamar masu ƙarfe da ake yayi a lokacin. Ya yi tashe har cikin shekarun 1990, aka daina yayinsa, sannan ya dawo da ƙarfi wajen 2019 ta hanyar kafofin sada zumunta. To amma an tsara shi ne domin gashi mai santsi da ake bari a buɗe yana shan iska. Namu gashin a murɗe yake, yana saurin bushewa, sau da yawa a kitse yake, kuma yakan wuni ƙarƙashin ɗankwali ko hijabi cikin zafin da kowa ya sani. Wadda ta ɗauko awo daga bidiyon wata Baturiya ta yanka ƙyallenta a kai, ta ɗinka wa wani kai ne daban.

Mu fara da roba, domin ita ce ran abin ko da yake ba a ganinta. Likitocin fata sun daɗe da sanin cewa jan gashi na yau da gobe yana kashe saiwarsa. Tun 1907 aka bayyana wannan larura a tsakanin matan Girinlan masu tamke gashi a tsakiyar kai. A wannan nahiya tamu, binciken da Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka yi a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2007, ya sami alamun wannan zubewar gashi a kusan ɗaya cikin kowaɗanne mata uku da aka duba, kuma haɗarin ya fi yawa idan aka ja gashin da aka shafa wa rilaksa. Mu ba ma buƙatar zuwa Kef Tawun. A gidan biki, in an cire ɗankwali za a sake ɗauri, kowa na ganin yadda gaban goshin mata da yawa ya cinye. Da farko gashin yana iya dawowa in an sassauta masa. In aka daɗe ana ja, wurin ya zama tabo, shi ke nan, babu man da zai tsirar da shi.

Akan ɗora laifin a kan mai kitso, kuma tana da nata kason. Amma bayan an tashi daga gabanta da shuku ko zane, me ake yi? A tattara jelar kitson a naɗe da roba sau uku ko huɗu, a kwana da ita, a tashi da ita, har mako biyu. Awon da ke yawo a intanet, roba mai kimanin inci 8 cikin ƙyalle mai inci 20 ko 22, yana iya yi wa mai sakakken gashi daidai. Ga mai cikar gashi ko mai kalaba da ƙari, zagaye ɗaya ya yi sako-sako, zagaye biyu kuma ya shaƙe. Ina ganin duk mai wannan sana'a da gaske ya kamata ta riƙa fitar da girma uku aƙalla: na yara, na matsakaicin gashi, da na mai cika ko kitso. Ta zaɓi roba mai faɗi maimakon siririya mai yanka, ta kuma tambayi mai saye irin gashinta kafin ta miƙa mata. Tela ba ya yanka riga sai ya auna mai ita, ban ga dalilin da zai sa a raina kai ba.

Sai ƙyallen kansa. Atamfa tana da kyau a ido, kuma ita ce ta fi yawa a buhun tela, shi ya sa aka fi yi da ita. Sai dai auduga tana shan mai. Matar da ta shafa man kaɗe ko man kwakwa ko karkar da safe, ribom ɗin atamfa zai tsotse rabonsa a daidai inda ya kama, ya bar wurin a bushe, kaushinsa kuma ya riƙa gogar silin gashi har su karye. Leshi mai duwatsu da yadi mai ƙyalƙyali sun fi muni, domin suna sarƙe gashi. Maganin ba wuya gare shi ba: fuska biyu. Atamfa a waje domin ado, satin a ciki inda zai taɓa gashi. Ƙarin ɗinki ɗaya ne, amma shi ke raba mai sana'a da mai kwaikwayo.

A nan akwai batun gaskiya a ciniki. Satin salon saƙa ne, kuma akasarin wanda ake samu a Kantin Kwari na roba ne, ba na tsutsar siliki ba. Santsinsa yana amfanar gashi, babu laifi a cikinsa, amma ba ya shan gumi kuma yana riƙe zafi. Wadda ta rubuta "siliki zalla" a tallarta alhali ta san kuɗin da ta sayi yadin, ta ci amanar mai saye. A faɗi abin da yake, mai saye ta zaɓa da saninta.

Akwai kuma abin da mai ɗinki a Landan ba za ta taɓa tunaninsa ba. Matanmu suna alwala a kullum, suna shafar kai da ruwa, suna wanka su mayar da ɗankwali kafin gashi ya gama bushewa. Ribom mai kauri da ya jiƙa, aka rufe shi da hijabi a watan Afrilu, kafin la'asar ya fara tsami. Saboda haka wanda za a sa a ƙarƙashin lulluɓi yana son ya zama mara nauyi, mai saurin bushewa, mai fita da hannu ɗaya ba tare da ya tafi da gashi ba, wanda kuma za a wanke da sabulu ya koma yadda yake. Manyan masu fure da duwatsu su zama na cikin gida, na amarya a ɗakinta, na taron mata.

Wannan ya kawo mu ga acuci, tulin da ake cusawa a ƙeya domin gyale ya tashi. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kansa, suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Sahih Muslim wanda ya ambaci kawuna masu kama da tozon raƙumi, kuma wannan fagensu ne. Ni ta fuskar sana'a nake magana. Tulin nan a jikin gashi yake rataye, gyale kuma yana ƙara danna shi baya, duk nauyin yana komawa kan siraran gashin goshi, waɗanda su ne mafi rauni. Yarinya tana sa shi domin a ce tana da gashi, shi kuma yana cinye wanda Allah Ya ba ta. Na san masu saye ne ke nema, kuma mai sana'a tana son ciniki. Duk da haka ina roƙon ƙannena masu ɗinki su yi ƙarfin halin nuna wa mai saye wanda ya fi mata alheri.

Yanzu batun ƙarko, wanda shi ne babban abin da ake tallata waɗannan kaya da shi. Ana cewa sun fi robar kasuwa da ake amfani da ita a yar. Gaskiya ne ƙyallen yana daɗewa, amma robar ciki tana mutuwa, zafi da mai da wanki suna kashe ta. In an rufe ɗinkin ruf, ranar da roba ta saki, dukan abin ya tafi bola, ƙyalle mai kyau da komai. Dubi wandon gargajiya: in mazagi ya tsinke ba a yar da wando, sabon mazagi ake zurawa ta ƙubaka. Haka ya kamata a yi ribom. A bar 'yar ƙofa a naɗe bakinta da kyau, yadda mai shi za ta zare tsohuwar roba ta zura sabuwa da fil. A haɗa bakin robar da ɗinki, kada a ƙulla, domin ƙulli yana danna kai in an kwanta. Wata za ta ce ai in bai lalace ba ba za a dawo saye ba. Ni kuwa na ga akasin haka a kowace sana'ar hannu: matar da kayanki suka yi mata shekara ita ce ke kawo miki ƙawayenta da 'yan uwan mijinta.

Gam ma abin dubawa ne. An saba manna duwatsu da fure da gam mai zafi saboda sauri. A kan babba, abin da zai faru bai wuce dutse ya faɗi ba. A kan jaririya kuwa, duk abin da ya ɓalle baki zai nufa. Kayan yara ƙanana a ɗinke komai da zare mai ƙarfi, ko a haƙura da duwatsun gaba ɗaya, kuma kada maɗaurin ya bar shaida a goshi in an cire.

Ta wajen ado, abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke tsallake dukiyar da ke ƙofar gidanmu. Adon kai ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun yi doka, suna kitsa gashi a kan tsumma, wato tun tuni ƙyalle ya san hanyar kai. Matan Fulani sun jera azurfa da tsabar kuɗi da duwatsu a kitso. Har gobe ana rini da baba a Ƙofar Mata, masaƙa suna fitar da saƙi, dukawa suna aiki da jar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda Turai ta daɗe tana saye da sunan fatar Maroko, maƙeran Agadas suna ƙera azurfa, masu aikin gilashi a Bida suna narka shi su yi duwatsun ado. Ɗan guntun saƙi da bai isa komai ba ya isa fuskar ribom. Baduku zai iya yanka 'yar fata mai siffar ƙwai, ya huda ta biyu, a soka tsinken itace mai santsi: maɗauri ke nan da babu roba a cikinsa balle ta mutu, uwa ta yi amfani da shi ta bar wa 'yarta. Kowanne dai da sharaɗinsa. Rinin baba yana zuba, sai an wanke shi sosai an yi masa shafi, in ba haka ba farin hijabi zai ba da labari. Saƙi yana da kaushi, a waje kawai zai zauna. Azurfa tana da nauyi, kaɗan ta isa.

Na san amsar da za a ba ni: tsada. Uwa mai 'ya'ya mata da yawa, ga Sallah ta matso, za ta shiga kasuwar Sabon Gari ta sayi dozin na 'yan Sin, irin waɗanda ake lodowa daga babbar kasuwar Yiwu, da kuɗin da bai kai na guda biyu na hannu ba. Ba na ganin laifinta. Amma wannan ne ma ya sa nake cewa mai keke ɗaya a tsakar gida ba za ta taɓa kayar da masana'anta a fagen araha ba. Manyan masaƙun Kaduna ma, irin su KTL da ta fara aiki a 1957, sun durƙushe, kuma kayan waje masu araha na cikin abin da ya kai su ƙasa. Abin da ke hannun mai ɗinkin gida, wanda babu shi a Yiwu, shi ne sanin kan maƙwabciyarta: ta san kitsonta, ta san man da take shafawa, ta san hijabin da za ta ɗora, kuma in roba ta mutu ga ta nan kusa. In ta bar wannan ta koma kwaikwayon na kanti, ta saki reshe ta kama ganye.

Mu masu saye ma da aiki a gabanmu. Kafin ki biya, juya cikin ki taɓa. Ja robar ki ga ko tana komawa. Tambayi mai shi ko ana canza ta, ko rinin yana zuba, ko akwai girman da ya dace da kitsonki. In kin ɗaura kika ji goshinki ya ɗaure ko kanki ya fara sarawa, cire shi, komai kyansa. In kuma kin sami wadda ta yi aikin yadda ya kamata, biya ta kuɗinta ba tare da dogon ciniki ba, ki kuma faɗa wa wasu. Masu ɗinki suna bin abin da kasuwa ke tambaya ne. Ranar da muka fara tambayar shafi da awo da ƙofar roba, za su fara ɗinka su, 'ya'yanmu mata kuma su girma da gashin goshinsu cikakke.