Ra'ayoyin Masu Karatu a Kan Labaran Kaboyi: Tarke da Abin da Ya Shafi Manhajar Adabi

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da aka zauna zaɓen littattafan da za a sa cikin manhajar adabi, akan yi karo da tambaya guda: shin littafin da jama'a suka fi so ne ya cancanci a koyar, ko kuwa wanda masana suka yaba? Domin duba wannan tambaya, mun ɗauki wani rukunin ƙagaggun labarai na ƙasar Amurka wanda ra'ayin masu karatu ya daɗe da rabuwa a kansa, wato labaran da aka gina a kan rayuwar yammacin ƙasar a ƙarni na 19, waɗanda Bahaushe ya sani da sunan labaran kaboyi.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, saɓanin da ke tsakanin masu karanta waɗannan labarai ya wuce batun daɗin labari ko kyawun salo. Tushensa tambayoyi biyu ne da jigon labaran ya rataya a kansu: wa ke da haƙƙin mallakar ƙasa, kuma wa ke da ikon yanke hukunci a inda hukuma ta yi rauni?

2.0 Tarihi da Abin da Adabi Ya Yi da Shi

Zamanin da labaran suka dogara da shi gajere ne ƙwarai. Korar manyan garkunan shanu daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas ta kankama ne bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, kuma ta ja baya cikin shekara ashirin. Dokar rabon filaye ta 1862 ta bai wa manomi eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara biyar. A 1874 aka yi wa waya mai ƙaya rajista, manoma suka sami abin shinge mai araha, burtali ya fara toshewa. Matsanancin sanyin 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu masu ɗimbin yawa, ya ƙarasa karya kiwon sake.

Shi kuwa kaboyi na haƙiƙa ɗan ƙwadago ne, makiyayin haya mai ƙaramin albashi, wanda ya gaji sana'arsa da kayan aikinsa daga makiyayan Meziko. Da yawa daga cikinsu baƙaƙen fata ne da mutanen Meziko. Masanin tarihi Robert Dykstra, a littafinsa The Cattle Towns na 1968, ya ƙirga kisan kai 45 a garuruwan shanu biyar na Kansas tsakanin 1870 da 1885, kuma irin waɗannan garuruwa sukan hana yawo da bindiga a cikin gari. Akwai muhawara a kan ma'anar wannan adadi, tun da garuruwan ƙanana ne, amma ko yaya aka auna, bai kai zubar da jinin da ake gani a shafukan littattafai ba.

Adabi ne ya mayar da wannan makiyayi jarumi. Daga 1860 kamfanin Beadle ya fara buga ƙananan littattafai masu arahar santi goma. A 1883 Buffalo Bill ya fara wasan nunin dawaki da harbi wanda ya zaga Amurka da Turai. Sai a 1902 Owen Wister ya fito da The Virginian, littafin da ya kafa zubin da aka bi daga baya: tauraro mai ƙarancin magana, da mugu, da malamar makaranta daga gabas, da fito-na-fito da bindiga a ƙarshen labari.

3.0 Rabe-raben Ra'ayoyi

3.1 Masu Karatu don Nishaɗi

Rukuni na farko, kuma mafi yawa, su ne waɗanda ke karantawa don jin daɗi. Su suka ɗaukaka Zane Grey, likitan haƙori da ya koma rubutu, wanda ya wallafa Riders of the Purple Sage a 1912. Su ne kuma suka riƙe Louis L'Amour, marubucin Hondo na 1953, har shugaba Ronald Reagan ya ba shi lambar yabo ta ƙasa a 1984. Abin da waɗannan masu karatu ke yabawa a fili yake: labari mai tafiya ba tare da kewaye-kewaye ba, da siffanta daji da duwatsu da dawaki, da tauraron da ba ya saɓa alkawari, da tabbacin cewa mugu zai girbi abin da ya shuka.

Bai kamata matarki ya raina wannan ra'ayi ba. Mai sauraron tatsuniya ya san Gizo zai yi wayo tun kafin a fara, kuma sanin bai rage masa daɗin sauraro ba. Maimaita zubi yarjejeniya ce tsakanin marubuci da mai karatu, gwanintar marubuci kuwa tana bayyana ne a yadda ya sarrafa abin da kowa ya riga ya sani. Wani abin lura shi ne wannan sha'awa ba ta buƙaci sanin wurin ba. Karl May na Jamus ya fito da labaran Winnetou a 1893 alhali bai taɓa taka Amurka ba, kuma Jamusawa suka rungume su. Wannan ya nuna cewa abin da ake saye shi ne mafarkin wuri mai faɗi inda mutum ɗaya zai iya gyara ɓarna da hannunsa.

3.2 Masana da Matarka

Rukuni na biyu sun daɗe suna kallon labaran a matsayin adabin kasuwa. Tun a 1895 Mark Twain ya rubuta maƙalar shaguɓe a kan James Fenimore Cooper, marubucin The Last of the Mohicans na 1826, inda ya tuhume shi da rashin lura da kuma sa wa taurari maganar da ba mai yin irinta. Irin wannan suka ta bi Zane Grey har ƙarshen rayuwarsa: taurari marasa zurfi, da kalamai masu kumbura, da tarihi da aka yi wa kwaskwarima.

Daga baya tarken ya sauya alƙibla, ya bar salo ya koma kan jigo. A 1992 Jane Tompkins ta wallafa West of Everything, inda ta nuna cewa labaran kaboyi martani ne ga ƙagaggun labaran gida da addini da mata suka yi fice a kansu a ƙarni na 19, shi ya sa suke fifita shiru da aiki a kan magana, suke kuma ture mace gefe. A shekarar ce kuma Richard Slotkin ya fito da Gunfighter Nation, yana mai cewa wannan adabi ya koya wa Amurkawa ɗaukar tashin hankali a matsayin hanyar tsarkake al'umma. Mun yarda da mafi yawan wannan tarke, amma muna ganin yakan yi kuɗin goro. True Grit na Charles Portis, wanda ya fito a 1968, yarinya ce 'yar shekara 14, Mattie Ross, ta ɗauki nauyin neman wanda ya kashe mahaifinta, kuma bakinta ya fi bindigar mazan kaifi.

3.3 Waɗanda Labarin Ya Mayar Abokan Gaba

Rukuni na uku su ne 'yan asalin ƙasar da masu tausaya musu. A wurinsu, abin da labaran ke kira buɗe daji, ƙwace ƙasa ne. Littafin tarihi na Dee Brown, Bury My Heart at Wounded Knee, wanda ya fito a 1970, ya ba da labarin daga ɓangarensu har zuwa kisan gillar 1890. A 1986 James Welch, wanda ke da jinin ƙabilar Blackfeet, ya wallafa Fools Crow, inda mai karatu ke tsaye cikin zangon mutanen yana kallon baƙi suna matsowa, har zuwa kisan da sojoji suka yi a bakin kogin Marias a 1870. Wanda ya karanta wannan ba zai sāke kallon yaƙin mahaya da masu kibiya da idon da ya saba ba. Mu kanmu Hausawa muna da abin dubawa a nan, domin sunan da 'yan kallon silima suka laƙaba wa waɗannan mutane, wato Indiyawan daji, hukunci ne da muka karɓa daga fim ba tare da mun ji ta bakinsu ba.

4.0 Inda Saɓanin Ya Fi Tsanani

Littattafai uku sun isa su nuna zuciyar matsalar. A cikin The Virginian, tauraro ya jagoranci rataye tsohon abokinsa Steve saboda satar shanu, ba tare da an kai shi kotu ba. Wister bai bar mai karatu ya yanke wa kansa hukunci ba. Ya kawo Alƙali Henry ya yi doguwar hujja cewa idan kotu ta gaza, jama'ar da suka kafa ta suna da ikon karɓe aikinta. Shekara goma kafin fitowar littafin, a 1892, attajiran masu shanu na Wayomin sun ɗauko 'yan bindiga daga Teksas domin kashe ƙananan makiyaya da suke zargi da sata, abin da aka sani da yaƙin gundumar Johnson. Wister abokin irin waɗannan attajirai ne, kuma littafinsa ya karkata gare su. Mai karatu don nishaɗi yana ganin jarumin da ya fifita gaskiya a kan abota. Matarki yana ganin an wanke kisa da kyakkyawan salo.

A 1949 Jack Schaefer ya juya hoton a cikin Shane. A nan manoma ne masu gaskiya, mai garken da ke son korarsu shi ne azzalumi. Duk da haka maganin bai sauya ba: baƙo mai bindiga ne ya kashe azzalumin, sannan ya bar garin, domin wanda ya zubar da jini ba shi da mazauni a cikin zaman lafiyar da ya samar. Yaro ne ke ba da labarin, kuma sha'awar yaron ce ke rufe wa mai karatu ido daga nauyin abin da ya faru.

Littafi na uku, The Ox-Bow Incident na Walter Van Tilburg Clark, ya fito a 1940. Mutanen wani gari a Nebada sun ji an sace shanu an kuma kashe makiyayi, suka fita suka kama mutum uku suka rataye. Da suka juyo sai suka tarar wanda aka ce an kashe yana raye, waɗanda aka rataye kuwa sayen shanun suka yi. Clark ya yi amfani da kayan aikin Wister, dawaki da igiya da taron maza, ya rushe hujjar Alƙali Henry ba tare da wa'azi ba. A ganinmu wannan littafi ya fi sauran biyun ƙarfi, domin ya nuna yadda tsoron a kira mutum matsoraci ke sa masu shakka su yi shiru.

Wani darasi kuma shi ne, niyyar marubuci ba ta ɗaure mai karatu. Larry McMurtry ya wallafa Lonesome Dove a 1985, ya sami kyautar Pulitzer a 1986. Ya sha bayyana cewa nufinsa ya tone asirin tatsuniyar kaboyi ta hanyar nuna wahala da mutuwar banza, amma masu karatu suka ƙaunaci taurarinsa, suka mayar da littafin sabon ginshiƙin tatsuniyar da ya so rushewa.

5.0 Abin da Ya Shafi Manhajar Hausa

Hoton kaboyi ya iso mana ta silima fiye da ta littafi, har kalmar ta zauna cikin harshe. A Nijar, Moustapha Alassane ya shirya fim ɗin Le Retour d'un aventurier a 1966, a kan matashin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Ke nan tun wancan lokaci an fahimci cewa wannan hoto yana iya sauka daga allo ya shiga hali. Aron labari daga wata al'umma kuwa ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Magana Jari Ce da Iliya Ɗan Maiƙarfi shaida ne.

Dalilin da ya fi nauyi shi ne, ɗalibanmu suna rayuwa cikin tambayoyin da labaran suka ƙunsa. Rikicin manoma da makiyaya, da satar shanu, da hukuncin da taron jama'a ke yanke wa wanda ake zargi, ba labarin nesa ba ne gare su. Ba mu ce tarihin Wayomin daidai yake da namu ba. Makiyayanmu sun daɗe a ƙasar tare da manoma, ba baƙin jiya ba ne. Amma nisan wurin yana da amfani a aji, domin ɗalibi zai iya auna hujjar kowane ɓangare ba tare da ya ji ana tuhumar danginsa ba.

Saboda haka muke ba da shawara kamar haka. Na farko, a fassara zaɓaɓɓun sassa zuwa Hausa, bayan neman izinin masu haƙƙin mallaka inda ya wajaba, domin darasin kwatanta adabi a manyan azuzuwan sakandare da kwalejojin ilimi. Na biyu, kada a koyar da littafi ɗaya shi kaɗai: a haɗa babin rataye Steve da ƙarshen The Ox-Bow Incident, a kuma haɗa Shane da Fools Crow. Na uku, malami ya fara da jin ra'ayin ɗalibai kafin ya faɗi nasa, sannan ya tambaye su: wa ke ba da labarin, wa aka hana magana, kuma wace shaida aka kawo kafin a yanke hukunci? Na huɗu, a kwatanta tauraron kaboyi da Ganɗoki na Bello Kagara, a duba yadda kowace al'umma ke ƙera jaruminta a lokacin da zamani ke juya mata baya.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa rukunan masu karatu uku kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya. Masu nishaɗi sun gane ƙarfin labari, matarka sun gano abin da labarin ke koyarwa a ɓoye, 'yan asalin ƙasa kuma sun tuna mana da waɗanda aka biya kuɗin jarumtar da jininsu. Wannan ya amsa tambayar da muka fara da ita: farin jinin littafi kaɗai bai isa dalilin sa shi cikin manhaja ba, yabon masana kaɗai ma bai isa ba. Littafin da ya raba kan masu karatu a kan abu mai muhimmanci ya fi dacewa da aji, muddin an kawo shi tare da wanda ke ƙalubalantarsa. Hausawa na cewa ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, kuma wannan ita ce ɗabi'ar da muke fatan darasin adabi ya dasa a zuciyar ɗalibi.