Daga Gidan Biki Zuwa Rediyo: Nazari a Kan Waƙar A'isha Fallatiya

Wannan takarda za ta duba abin da kan faru ga fasahar da ta tashi a cikin ƙaramin rukuni idan jama'a duka suka karɓe ta. Misalinmu daga gabashin Sudan yake, wato yankin Kassala da Gadarif, inda zuriyar Hausawa mahajjata suka zauna suna noman dawa da riɗi.

A Kassala aka haifi A'isha Musa Ahmad a 1905, mahaifiyarta Bahaushiya ce, mahaifinta kuma Bafulatani. A Omdurman ta girma, kuma a gidajen biki ta fara waƙa. Waƙar biki a wancan zamani harkar mata ce zalla. Ana yin ta da tafi da wata gangar yumɓu mai suna daluka, zabiya tana bayarwa, mata suna amsawa. Baiti kan sauya gwargwadon wadda ta shigo fili, a yabi wannan, a yi wa waccan habaici. Mutanen gari kuwa ba su ɗauki masu wannan sana'a da mutunci ba. Mahaifin A'isha ma aurar da ita ya yi don ta bari, amma auren ya mutu, waƙa ta ci gaba.

A ƙarshen shekarun 1930 ta je Alƙahira aka ɗauki muryarta a faifan garmaho, sannan a 1942 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Omdurman, har wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan. A nan ne ya kamata ɗalibi ya kasa kunne. Fuskar faifai ɗaya ba ta wuce kamar minti uku, ke nan waƙar da kan kai tsakar dare dole ta sami farko da ƙarshe. Matan da ake yi wa habaici ba sa wurin, don haka habaicin ya rasa wurin sauka, sai soyayya wadda kowa zai iya ɗauka tasa ta cike gurbin. Molon Larabawa, wato udu, ya shigo. Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne, yawancin baitocin yanzu marubuta maza ke tsara su. Murya ta mace ce, amma kalmomin sun bar hannun mata.

Ba ina cewa shaharar ta ɓata waƙar ba ne. Ba don faifai da rediyo ba, da yau ba mu da abin saurare balle nazari, kuma matan da suka biyo bayanta ta ƙofar da ta buɗe suka shiga.

Sai batun harshe. Da Larabcin Sudan ta yi suna. Hausarta ta fi samun kunne a Arewacin Nijeriya, inda aka riƙa sa waƙar maraba da ta yi wa Sardaunan Sakkwato a rediyo. A gida kuwa, abin da ya rage na asalinta shi ne laƙabin Fallatiya, sunan da ake yi wa mutanen Afirka ta Yamma kuɗin goro, wanda sau da yawa da raini ake faɗarsa. Ta rasu a 1974 ana kiranta mawaƙiyar ƙasa. Amma a Yulin 2022, bayan rikicin jihar Blue Nile, Hausawan Kassala da Gadarif sun fito zanga-zanga, kuma cikin abin da ya fito da su har da kallon baƙi da ake yi musu.