Ma'aunin Alƙalai a Nunin Amfanin Gona

Tun shekara ta 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin kamun kifi, wannan taro ya yi ta girma har ya haɗa da nunin amfanin gona da na sana'o'in hannu. Ba a Argungu kaɗai aka san irin wannan nuni ba. A garuruwa da yawa na Arewa, bayan kaka, manoma sukan kawo dammunan hatsi da doya da raguna, mata kuma su jera tukwane, da faya-fayi, da ƙore, da tabarmi, alƙalai su bi layi suna dubawa.

Hukuncin amfanin gona ba shi da wuya, gama zangarniya ana ganin cikarta, rago kuwa ana iya auna shi. Amma da an zo kan kayan gida, sau da yawa ma'auni yakan ɓace. Alƙali yakan tsaya a gaban abin da ya fi ɗaukar ido. Ƙwaryar da aka sassaƙe da zane har ta kusa hujewa ta ci na ɗaya, wadda za a shekara ana dama fura a ciki ta koma gida ba ko sannu.

A ɗauki randa. Randar kirki takan tsattsafo da ruwa kaɗan kaɗan ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Kowace uwargida ta san a ƙwanƙwasa ta da yatsa, gama tsagaggiya ba ta amo. Alƙalin da bai zuba ruwa ba, bai kuma ƙwanƙwasa ba, zane kawai ya hukunta.

Labarin Ladi Kwali ya isa misali. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta dā, wato Suleja. Ta ci gaba da gina tulunan Gwari da hannu, tana zana ƙadangaru da kifaye da kadoji, amma aka riƙa shafa musu sinadarin ƙyalli ana gasa su da wuta mai tsanani. Suka yi suna har London, aka kuma sa hotonta a takardar naira 20. Duk da haka tulunan sun yi nauyi, ba sa kuma sanyaya ruwa kamar na ƙauye. Wannan bai rage darajarta ba. Ya dai nuna cewa kayan ado da kayan aiki iri biyu ne, kowanne da ma'auninsa.

Mutanen dā sun san wani ma'auni mai tsanani. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya shaida cewa tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suna kaiwa Murzuk da Ghat, cikin ƙasar Fazzan wadda Sabha ce babban birninta a yau, har su wuce Tarabulus. Jar fatar akuyar Sakkwato ma ta ƙetare hamada, Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Fataken nan ba sa ba da lambar yabo. Abin da ya jure watanni a bayan raƙumi shi suke komawa saye.

Maganar ba ƙarama ba ce. Roba da kwanon silba sun riga sun cika ɗakuna, yarinya mai koyon sana'a kuwa abin da ta ga ya ci kyauta shi za ta kwaikwaya. In ado ne kaɗai ke ci, nunin da aka shirya domin raya sana'a shi zai koya wa masu ita barin ingancinta.

Gyaran yana da sauƙi. A raba kayan ado da kayan aiki. A sa dattawan mata masu aiki da kayan kullum cikin alƙalai. A zuba ruwa a randa, a sheƙa hatsi da faifai, a naɗe tabarma a warware. A kuma tabbatar wadda ta kawo ita ce ta yi, kada dillali ya karɓi ladan gumin wata. Kyan randa dai sanyin ruwa.